Filasko da ƴan'uwansa masu fure ruwan ɗorawa: wanne ne abinci, wanne ne haɗari ga yaro

Gaisuwa ga iyayenmu mata, da kakanni, da ungozomai, da ku wakilan lafiya na garuruwa waɗanda muke kira rele. Allah ya ba mu albarkar abin da muka shuka.

Bayanin yau a kan wani tsiro ne da kowace mace a Sae Sabuwa, da Agye, da Gazawa, da sauran jihar Maraɗi ta sani tun tana yarinya, wato filasko. Za mu dube shi tare da ƴan'uwansa biyu, tafasa da rai-ɗore. Dukansu uku furensu ruwan ɗorawa ne, dukansu suna fitowa kusa da gidajenmu, amma aikinsu a cikin yaro ya bambanta ƙwarai. Ɗaya abinci ne. Ɗaya magani ne mai ƙarfi da ke sa zawo. Na ukun kuwa ƴaƴansa guba ne. Muna so kowa ya tashi daga wannan zama yana iya rarrabe su da ido, ya kuma iya koya wa yarinyar da ake aike ta ɗebo ganye.

Yadda filasko yake

Filasko ɗan gajeren tsiro ne. Da wuya ya wuce gwiwar babban mutum, sau da yawa ma rassansa kwanciya suke yi a ƙasa, su bazu, sannan kawunansu su ɗago. Ƙarfinsa yana ƙarƙashin ƙasa: yana da uwar saiwa guda, mai kauri da tauri kamar itace, wadda ke nutsawa ƙasa ta nemi laima. Wannan saiwa ce ke sa ba ya mutuwa idan damina ta wuce. Ko rassa sun bushe, ko an sare shi da hauya, saiwar tana nan da rai, shekara da shekaru, kuma da an sami laima sai ya sake tohowa daga wuri guda. Shi ya sa idan kun lura, inda kuka ga filasko bara, nan za ku tarar da shi bana.

Ganyensa jere yake a kan kara guda, biyu-biyu suna fuskantar juna, yawanci jeri huɗu zuwa shida. Kowane ɗan ganye ya fi faɗi ta wajen kai, kan a zagaye yake, da ɗan tsini ƙanƙane a tsakiya. Launinsa kore ne mai toka-toka, kamar an barbaɗa masa gari. Furen yana fitowa a zangarniya daga hammatar ganye, na ƙasa su fara buɗewa, na sama su biyo baya. Kowane fure yana da kunnuwa biyar, kuma idan ya fara tsufa ana ganin ƴan jijiyoyi masu duhu a jikinsa.

Alamar da ba ta ɓata mutum ita ce kwanson ƴaƴansa. Gajere ne, mai faɗi, a daɓe, a lanƙwashe kamar ƙoda, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. A tsakiyarsa akwai jerin ƴan tudu-tudu kamar zankon zakara, kowane tudu a kan ƙwaya guda. Babu ɗaya daga cikin ƴan'uwansa biyu da ke da irin wannan kwanso.

Masu ilimin tsirrai suna sa filasko cikin babban dangin wake, tare da gyaɗa, da gawo, da kalgo, da tsamiya. Sunan da suka ba shi Senna italica, kuma wani Bature ɗan Ingila mai suna Philip Miller ne ya rubuta wannan suna a 1768. Kalmar farko daga Larabci take, daga sana, sunan ganyen wanke ciki da aka daɗe ana fataucinsa. Ta biyun kuwa tana nufin ƙasar Italiya, domin an taɓa noma shi can don magani. Amma asalinsa namu ne. Yana fitowa da kansa a busassun ƙasashen Afirka tun daga Senegal har Somaliya, ya gangara kudancin nahiyar, ya ƙetara ƙasashen Larabawa har Indiya.

Inda yake zama

Filasko ɗan ƙasar fari ne. Ruwan da muke samu a wannan yanki na jihar Maraɗi, wanda a yawancin shekaru yakan tsaya tsakanin milimita 400 zuwa 600, ya ishe shi har ya yi yawa. Yana son rana, ba ya son inuwa. Za ku same shi a jigawa mai rairayi, a gefen hanya, a burtali, a bakin makiyaya, a gonar da aka bari ta huta, da kuma gefen kwari inda ruwa ke wucewa bai tsaya ba, kamar gaɓar Gulbin Kaba da ta Gulbin Maraɗi. Ƙasar da aka tattaka, aka cinye ciyawarta, ita ce yake jin daɗinta, kuma bisashenmu ba su cika kula shi ba. Saboda haka idan filasko ya yawaita a fili, sau da yawa alama ce cewa filin ya gaji.

Abin da ya kamata uwa ta riƙe shi ne wannan: tun da saiwarsa ba ta mutuwa, filasko yakan riga sauran ganye fitowa, yakan kuma daɗe da ɗanyen ganye bayan sauran sun bushe. A bazara da farkon damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma ake neman kowane ɗanyen ganye, shi ne ke tsaye kore a fili. A nan ne yarinya ƙarama za ta iya ɗaukarsa a matsayin tafasa.

Abin da yake yi a ciki

Kakanninmu ba su yi kuskure ba da suka san filasko a matsayin maganin wanke ciki. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma binciken zamani ya tabbatar da abin da suka gani. Ganyensa da kwansonsa suna ɗauke da wasu sinadarai da ake kira senosid. Waɗannan ba sa aiki a tumbi. Sai sun isa babban hanji sannan ƙwayoyin halittar da ke zaune can su tayar da su. Daga nan hanji ya shiga murɗawa da sauri, ya daina tsotse ruwa zuwa jiki, sai ruwan ya fita tare da bayan gida. Aikin yakan fara bayan awa 6 zuwa 12. Wannan jinkiri yana da haɗari, domin uwa takan ga ba abin da ya faru, ta ƙara ba da wani.

Babban mutum mai lafiya yana iya jure wannan. Jikin yaro ƙarami ba haka yake ba. Ruwan jikinsa kaɗan ne, kuma yana ƙarewa da wuri. Tare da ruwan, zawo yana kwashe gishirin jiki, musamman wanda ake kira fotasiyam, wanda zuciya ke bukata don ta buga daidai. Yaron da tamowa ta fara kamawa dama wannan gishiri ya ragu a jikinsa. Idan aka ba shi jiƙon filasko, abincin da ya ci zai wuce ba tare da ya amfane shi ba, ruwansa ya zube, ƙarfinsa ya ƙare. Dare guda ya isa ya mai da yaro mai wasa ya zama yaron da ake gudu da shi likita.

Akwai ɗan'uwan filasko na kusa da ake kira sanamakki, wanda ake yin ƙwayar wanke ciki da shi a kantin magani. Ko wannan da aka auna shi da ma'auni, hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ce kada a ba yaron da bai kai shekara 12 ba, kada kuma mai ciki ko mai shayarwa ta sha. To ina ga jiƙon da aka yi a gida, wanda ba wanda ya san ƙarfinsa? Ganye ɗaya ne, amma ƙarfinsa yana sauyawa bisa wurin da ya tsiro, da lokacin da aka tsinke shi, da daɗewar da ya yi a ruwa.

Mun san dalilin da ke sa a ba jariri bauri ko jiƙo. Uwa ta ga ya kwana biyu bai yi kashi ba, ko cikinsa ya yi tauri, ko yana kukan haƙori, kaka kuma ba ta son ganin jikanta cikin wahala. Niyyar kirki ce. Amma iyayena, ku sani cewa jaririn da nono kaɗai yake sha, bayan ya wuce mako 6 da haihuwa, yana iya yin kwanaki bai yi kashi ba kuma lafiyarsa ƙalau, muddin yana tsotso, yana fitsari sosai, kuma kashin da ya fito mai laushi ne. Nono ba ya barin datti mai yawa. Daga haihuwa har wata 6, nonon uwa kaɗai ya ishe shi, ba ruwa, ba bauri, ba jiƙo. Idan kuma cikin ya kumbura, yana amai, ya ƙi nono, wannan aikin likita ne, filasko zai ƙara masa ciwo ne kawai.

Tafasa, wadda ake ci

Tafasa tsiron shekara guda ce. Tana fitowa daga iri da ruwan farko, ta girma, ta yi ƴaƴa, ta mutu da kaka. A tsaye take girma, tana iya kai ƙugun mutum ko ta wuce. Ku ƙirga ganyenta: jeri uku ne, wato ƴan ganye shida a kara guda, kuma biyun da ke can ƙarshe sun fi sauran girma. Korenta mai haske ne, ba toka a jikinsa, kuma da yamma ganyen yakan naɗe kamar mai barci. Furenta yana fitowa ɗaya ko biyu a hammatar ganye, ba a doguwar zangarniya ba. Kwansonta dogo ne siriri, a lanƙwashe kamar lauje, yana iya kai tsawon tafin hannu ko fiye. Tana son wurin da taki ya taru: makwantar shanu, bayan gari, gefen hanya, bakin tafki.

Tafasa abinci ce ta gaske. Ganyenta yana da sinadarin gina jiki, da na ƙarin jini, da na ƙarfin ƙashi, da kuma wanda jiki ke mayarwa bitamin A, mai kare ido da taimakon yaro ya jure cuta. Ba mu kaɗai muke cin ta ba. A Sudan da Cadi ana daka ganyenta, a rufe shi a tukunya ya ruɓa, a shanya, a sa a miya a madadin nama. Can suna kiransa kawal.

Amma ita ma ƴar dangin filasko ce, kuma tsohon ganyenta yana sakin ciki. Saboda haka a tsinki tohon sama, mai laushi, tun kafin ta yi fure. Kada a ɗebo inda ake bayan gida, ko gefen gonar da aka yi wa feshin magani. A wanke ganyen da ruwa mai tsabta, a dafa, a zubar da ruwan farko, a matse. Daga nan a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli da albasa da gishiri mai ayodin, ko a sa a dambu, ko a miya. A riƙa sa ɗan mai ko tunkuzar gyaɗa, domin bitamin A ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo. Tumatir, ko ruwan lemun tsami, ko garin ƴaƴan kuka suna taimakon jiki ya karɓi sinadarin ƙarin jini. Shayi kuwa yana hana shi, don haka kada a haɗa su lokaci guda.

Yaron da ya kai wata 6 za a iya fara ba shi, amma a daka dafaffen ganyen ya yi laushi sosai, a sa cokali guda cikin kunu mai kauri, a ƙara kaɗan-kaɗan yayin da ya saba. Ba a ba shi da yaji. Daga wata 6 zuwa 8 yaro yana bukatar abinci sau 2 zuwa 3 a rana bayan nono. Daga wata 9 zuwa 23 kuwa sau 3 zuwa 4, da ɗan abin taɓawa a tsakani. A ci gaba da nono har shekara 2.

Yanzu da ganye ya wadata, a yi tanadin rani. A shanya tafasa a inuwa mai iska, a kan tabarma mai tsabta, domin zafin rana yana ƙone bitamin A. Ganyen da ya bushe yana nan kore ya fi wanda ya koma ja-ja amfani. A zuba a buhu ko tukunya mai murfi, a ajiye inda laima ba ta kai. Haka za a yi da zogale, da yaɗiya, da lalo, da rama, da ganyen wake.

Abu guda kuma: ganye ba ya maye gurbin hatsi. Yana gyara abinci, amma ba ya ba da ƙarfin da tuwo da hura da wake ke bayarwa. Gidan da ya koma cin tafasa zalla safe da yamma, gida ne da yunwa ta shiga. Waɗanda suka ga shekarar 2005 a wannan jiha sun san haka.

Rai-ɗore, wanda ake nesanta yara da shi

Na uku shi ne rai-ɗore, wanda wasu ke kira sanga-sanga ko majamfari. Ya fi sauran biyun tsawo, karansa yakan yi ja-ja. Ƴan ganyensa jeri huɗu ne ko biyar, amma kansu mai tsini ne kamar mashi, ba zagayayye ba. Idan aka murza ganyen yana wari mai ƙarfi. A gindin karan ganye, dab da inda ya manne da reshe, akwai ɗan ƙulli mai duhu. Kwansonsa dogo ne, a ɗan daɓe, gefensa biyu sun fi tsakiya haske. Wurin zamansa juji, da kango, da bayan danga, wato daidai inda yara ke wasa.

Ɗanyun ƴaƴan rai-ɗore guba ne ga mutum da dabba. A arewacin Indiya, a gundumar Saharanfur da kewayenta, an yi shekaru ana ganin wata cuta da ke kama ƴaƴan talakawa bayan damina. Yaro zai fara amai, ya shiga magagi, ya suma, kuma mafi yawan waɗanda ta kama ba su tashi ba. An daɗe ana zaton ciwon ƙwaƙwalwa ne mai yaɗuwa. A 2007 likitocin ƙasar suka bayyana cewa yaran suna cin ƴaƴan wannan tsiro ne, kuma gubar tana lalata hanta da tsoka da ƙwaƙwalwa. Yunwa ce ke sa yaro ya kai hannu ga abin da mai ƙoshi ba zai duba ba. Tsiron da ke can shi ne wannan da ke bayan dangarmu. A tuge shi daga tsakar gida da wurin wasan yara tun bai yi kwanso ba. Idan an ga yaro ya ci ƴaƴansa, a kai shi likita nan take, a tafi da reshen tsiron, kada a jira alama ta fito.

Aikin rele

Ƴan'uwana rele, kama da wane ba wane ba ne, kuma wannan darasi da ido ake koyonsa. A zamanku na gaba da mata, ku tsinko reshe guda na kowane ɗaya daga ukun, da kwansonsa in akwai, ku shimfiɗa a tabarma. Ku bar mata su ƙirga ganyen da kansu. Jeri uku mai zagayen kai, tafasa ce. Jeri huɗu zuwa shida mai toka-toka, da gajeren kwanso mai zanko, filasko ne. Mai tsinin kai da wari, rai-ɗore ne. Ku kira ƴan matan da ke zuwa ɗibar ganye su zauna gaba, domin su ne ke cika kwando. Bayan an gama, ku kwashe rassan filasko da rai-ɗore ku binne, kada a bar su inda yara za su ɗauka.

Ku gayyaci kakanni, ku ba su girmansu, ku saurari abin da suka sani. A gidaje da yawa maganar kaka ce ke yanke abin da za a ba jariri. Idan ta gamsu, gidan ya gamsu.

Idan kun tarar da yaro mai zawo, ku tambayi uwar cikin ladabi ko an ba shi wani jiƙo, wane iri, kuma yaushe. Ba don a yi mata faɗa ba ne. Ma'aikacin lafiya yana bukatar wannan labari don ya san abin da zai yi. A ci gaba da nono. A dama ƙunshi guda na gishirin zawo a lita 1 ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, tare da ƙwayar zinki har kwana 10 zuwa 14. Ku auna damtsen duk yaron da ke tsakanin wata 6 zuwa 59. Idan ma'aunin ya nuna kore, a ci gaba da kula. Idan ya nuna ruwan ɗorawa, wato tsakanin milimita 115 da 125, a tura shi likita. Idan ya nuna ja, ƙasa da milimita 115, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, a tafi da shi ranar. Yaro mai tamowa mai tsanani da ke zawo ba a jinyarsa a gida, domin ruwan da ake ba shi daban ne, kuma auna shi ake yi. Haka nan yaron da idonsa ya faɗa, ko maɗigarsa ta loɓa, ko ya kasa sha, ko yana amayar da komai, ko akwai jini a kashinsa. Ku tuna wa iyaye cewa tun 2006 dokar ƙasarmu ta yafe kuɗin jinyar yaran da ba su kai shekara 5 ba a likitocin gwamnati. Gidan da kuka ga ya koma cin ganye zalla kuwa, ku rubuta shi, ku sanar da shugaban likitar yankinku.

Iyayenmu mata, ba mu ce a raina tsirran ƙasarmu ba. Filasko yana riƙe rairayi inda ciyawa ta ƙare, tafasa ta ciyar da gidaje a shekarun wuya. Abin da muke roƙo shi ne a ba kowanne matsayinsa: tafasa ta shiga tukunya, filasko ya tsaya a daji nesa da bakin yaro da mai ciki da mai shayarwa, rai-ɗore kuma ya bar tsakar gida. Wadda ke da tambaya ta yi yanzu, ko ta sami rele na unguwarta bayan an tashi.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba masu ciki sauka lafiya, ya kai mu kaka da alheri.